Wanda Ya Yi wa Rijiya Ɗura

Wani mutum ne aka yi a wata unguwa, duk duniya ba shi da abin nunawa sai rijiya. Sana'a kam ya gwada har bakwai, duk suka ƙi shi. Ya yi aski, ya bar wani bawan Allah da gira ɗaya. Ya yi gyaran keke, ya gama ɗaurawa ya ga ragowar kusoshi cike da tafin hannunsa, ya ce wa mai keken ai masu ƙera shi ne suka yi almubazzaranci. Ya yi gadi, aka zo aka cire ƙofar da yake gadi aka bar masa kwaɗon.

Amma rijiya, nan fa Allah ya rufa masa asiri. Kakansa ne ya haƙa ta a tsakar gida, gaba goma sha huɗu, aka ɗaure bakinta da siminti. Kowane gida a layin da tasa rijiyar, sai dai da zarar rani ya miƙe ƙafa sai su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gidan Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, shekararta shida da ƙafewa, har ta koma wurin zuba ƙyallaye. Tasa ce kaɗai ke kai labari. Shi ya sa babu mai kiran sa da sunansa. Mai Rijiya, shi ke nan.

Yana da wata kujerar ƙarfe mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne. Kullum da sassafe zai kafa ta a bakin rijiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sa a buɗe ƙofar gida. Maza da mata su shigo da bokitai da jarkoki. Ba ya karɓar ko sisi. Gaisuwa yake karɓa, ita kuwa ba ya ragi.

"Ina kwana, Mai Rijiya."

"Lafiya."

"Ya iyali?"

"Lafiya."

"Ya rijiya?"

Sai a nan fuskarsa ke sakewa. "Alhamdu lillahi. Ta kwana da ɗan sanyi, amma ta tashi lafiya. Ɗebi biyu. Kada ka buga mini guga a bango."

Wanda ya manta bai tambayi lafiyar rijiya ba, sai ya koma bayan layi ya sake shiri.

Ana nan, wata safiya sai ga motar ma'aikatar ruwa ta shigo unguwar, ta sauke bututai tsibi guda. Leburori suka kama haƙa. Wani dogo mai hular kwano, wanda suke kira Injiniya, yana bi ƙofa-ƙofa da alli yana zana lamba. Yana ɗora alli a ƙofar Mai Rijiya, sai ga mai gidan ya fito.

"Bawan Allah, me ƙofata ta yi maka?"

"Ruwa za mu ja muku, baba. Ga tanki can an kafa a kan tudu. Kowane gida da famfonsa. Ka murɗa, ya zubo."

"Ba guga?"

"Ba guga."

"Ba igiya?"

"Ba igiya."

"To wa za a gaisar?"

Injiniya ya dube shi ta ƙasan hula. "A gaisar kamar yaya?"

"Wato mutum ya tashi da kwantsa a ido, bai ce wa kowa ina kwana ba, ya murɗa ƙarfe ya sha? Wannan ai lalacewar tarbiyya kuka kawo mana a bututu. Kuma ni ruwan da ban leƙa na ga fuskata a ciki ba, ba na shan sa."

"Tatacce ne, baba. An sa masa magani."

"Ka ji ko! Lafiyayyen ruwa me zai yi da magani? Rijiyata shekara sittin, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Goge lambar nan."

Ashe matarsa na bayan ƙofa tana ji. Shekara ashirin da biyu tana jan guga, tafin hannunta ya yi kanta har ba ta bukatar tsumma wajen sauke tukunya. Ta leƙo.

"Injiniya, kada ka goge. Ƙara mata kauri ma."

"Ke da wa?" in ji Mai Rijiya.

"Ni da kafaɗuna. Kai da kake zaune kana amsa gaisuwa, yaushe rabonka da jan guga?"

"Ni ai mai kula ne."

"To ka kula da kyau, ga famfo nan zuwa."

Haka aka yi. Don cin fuska kuma, wurin da ya dace da magudanar gidan taku biyu ne daga bakin rijiya, nan aka kafa famfon, yana ƙyalli kamar sabon haƙori.

Gidan shi ne na ƙarshe a gangare, nan babban bututun layin ya tsaya. A ƙofar gidan ma'aikata suka gina wani ɗan akwatin siminti, suka sa ƙaton makunni a ciki, suka rufe da murfin ƙarfe. Mai Rijiya yana tsaye hannu a baya.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Na wanke bututu ne," in ji Injiniya. "In datti ya taru, mu buɗe nan, ruwan layin gaba ɗaya ya gangaro ya fice. Kada kowa ya taɓa."

"Ni me zan yi da shi? Amma tsaya. Ruwan naku ba ya ƙarewa?"

"Sai dai wata rana a ɗauke don gyara."

"Wata rana," in ji Mai Rijiya, ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

Ranar da aka saki ruwa, layin ya ɗauki sowa. Washegari Mai Rijiya ya kafa kujera, ya gyara bulo, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya buɗe ƙofa da kansa. Shiru. Rana ta fito. Shiru. Wata kaza ta shigo, ta dube shi, ta fita.

Ɗan Adam dai ba shi da kunya. Mutanen da suka shekara talatin suna tambayar lafiyar rijiya, kafin mako ya zagayo rabinsu sun kira magini ya rufe nasu rijiyoyin da siminti, sun ɗora bahon wanki a kai. In sun wuce ta ƙofarsa sai dai su ɗaga hannu, "Malam, sannu." Malam! Sunan ma sun ƙwace.

Akwai wata tsohuwa a can saman layi, kowa Gwaggo yake ce mata. Da ita ake buɗe layin rijiya kullum. Ya hango ta za ta wuce, ya yi wuf ya tare ta.

"Gwaggo, ba za ki shigo ki ɗebi ko rabin bokiti ba? Yau ba layi."

"Ɗana, bayana ya warke. Ka gaishe ta."

Rijiyar ma kamar ta ji haushi. Rani ya yi tsanani, ta ja baya. Ya zura guga don ya nuna wa duniya tana nan da ranta, gugan ya fito da laka da wani cokali da ya ɓace tun shekarar da aka haifi babbar 'yarsu.

Matar ta karɓi cokalin ta wanke a famfo. "Baban yara, na yi magana da magini. Ranar Asabar zai zo ya rufe ramin nan. Wurin wanki nake so."

"Ramin? Rijiyar kakana ce rami? Sai dai bayan raina!"

"Sauro kawai take kiwo."

"Sauron ma ai ya san ruwa mai kyau!"

Ta tsaya, ta riƙe ƙugu. "To ji nan. Mutum ɗaya. In kafin magini ya kwaɓa siminti mutum ɗaya ya shigo gidan nan da bokitinsa, da ƙafarsa, ba kai ka roƙo shi ba, ya ce a ba shi ruwan rijiya, na bar ta. In babu, a rufe."

"Mutum ɗaya?"

"Ɗaya tak."

Da yamma ya hau kan turmi ya leƙa ta katanga, ya yi wa Tela raɗa. Tela mutum ne mai son zaman lafiya. Can an jima sai ga shi da 'yar buta, ya yi sallama da ƙarfi.

"Salamu alaikum! Na zo ɗibar ruwan da ka ce in zo in ce ina so!"

Matar ba ta ko ɗaga kai daga tsintar da take yi ba. "Ka gaida gida, Tela."

Ran Talata aka aiko cewa ƙanwarta ta haihu. Ta haɗa jaka, ta ce sai Asabar da safe, ita da magini za su iso tare. Shi kuwa magini tun ranar ya turo yashi amalanke guda, aka juye a ƙofar gida.

Mai Rijiya ya zauna shi kaɗai a tsakar gida. Ya dubi famfo. Ya dubi rijiya. Ya sake duban famfo. Sai wani tunani ya faɗo masa, irin tunanin da ya raba shi da sana'a bakwai.

"Wata rana za a ɗauke, shi da bakinsa ya faɗa. To ranar, wa zai yi ruwa? Wanda ya yi ajiya. Su kuwa sakarkaru sun rufe ma'ajiyarsu da siminti. Ni tawa gaba goma sha huɗu, ga ta nan baki buɗe, ga ruwa taku biyu yana zaman banza!"

Ya tara bokiti a famfo, ya juye a rijiya. Ya kasa kunne. Can ƙasa ya ji "tim". Ya yi goma. Ya leƙa, kamar bai yi komai ba. Ya ce a haka sai jikokinsa su ƙarasa. Nan idonsa ya faɗa kan akwatin simintin nan na ƙofar gida.

Ya je wurin wani mai lambu ya aro tiyo irin na ban ruwa, kaurinsa ya kai cinya. Ya tono sifana daga cikin tarkacen gyaran keke. Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya cusa bakin tiyo a makunni, ya ɗaure da robar taya. Ya ja sauran ta cikin zaure zuwa rijiya, ya lulluɓe da tsofaffin tabarmi da buhuna, ya bi da shi ta ƙarƙashin kujerarsa. Ya koma ya kama makunni ya murɗa.

Kai! Tiyo ya yi tsalle kamar an taka maciji. Ya fizge daga bakin rijiya, ya wanke bango, ya wanke shanya, ya juyo ya same shi a ƙirji yana shigowa a guje. Hula ta yi sama. Ya faɗi, ya tashi, ya yi kokawa da tiyo, ya danne wuyansa, ya tura cikin rijiya, ya ɗora turmi a kai.

"Sha!" ya ce wa rijiyar yana haki. "Sha ki ƙoshi, ki kunyata su!"

Ya fita jiƙe sharkaf, ya kwashi yashin magini ya binne akwatin. Ruwa kuwa yana ruri a cikin rijiya kamar injin niƙa. Don kada maƙwabta su ji, ya ɗauko rediyo ya ƙure murya ya ajiye a bakinta.

Ya yi wa igiya ƙulli-ƙulli don awo. Da yamma ya zura, ruwa ya hau gaba biyu. Ya yi 'yar rawa shi kaɗai. Da safe ya sake zurawa, gaba biyu. Da hantsi, gaba biyu. Ga ruwa na ta kwarara, ga rijiya ta ƙi motsi. Yana tsaye yana sosa ƙeya sai ya ji ihu ta bayan katanga.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Rijiyata ta farfaɗo!"

Ya hau turmin daka na biyu ya leƙa. Ga Tela durƙushe a bakin matacciyar rijiyarsa. Ga ƙyallayen shekara shida sun taso suna yawo a kan ruwa, ja da kore da ruwan ɗorawa.

Mai Rijiya bai bi ta ƙofa ba, ta katanga ya dira.

"Ɓarawo! Ta ƙasa kuma? Shekara nawa ina ba ka ruwa kyauta ta sama, shi ne ka zagaya ta ƙasa?"

"Ni? Me na sata?"

"Ruwana! Ga shi nan!"

Tela ya leƙa. "Wanne ne naka a ciki? Da alama?"

"Na san abina. Dubi yadda yake kallona."

"Tsaya, maƙwabci. Rijiyar da shekaranjiya take fitar da laka da cokali, ina ta sami ruwan da za a sata?"

Mai Rijiya ya ɗaure fuska. "Wannan sirrin gida ne."

"To ɗebi abinka," in ji Tela, ya koma kan keken ɗinki.

Ya ɗauko bokiti biyu. Ya ɗiba a gidan Tela, ya fita, ya zagaya, ya shiga gidansa, ya juye. Ya dawo. Tun hantsi har la'asar yana safara, mutumin da ya shekara ashirin yana zaune a kujera yana amsa gaisuwa. Gumi ya wanke shi. Tela yana taka keke yana kallo.

"Maƙwabci, tun da kana hanya, ka ɗan zuba wa bishiyar lemon nan ɗaya mana."

"Allah ya isa!"

A zuwa na arba'in da wani abu ya tsaya cak, ya ƙura wa bokiti ido. Ya tsamo wani jan ƙyalle mai maɓalli ɗaya.

"Tela. Wannan ƙyallen sau uku ke nan ina kai shi gidana."

"To?"

"Yana riga ni dawowa!"

Ya yar da bokitai. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Shi ma ya tsaya ya yi tunani, abin da ya ɓata lamarin ke nan. Ya ce tun da ɓarayin ƙasa sun fi shi sauri, bari ya ƙosar da su, in cikinsu ya cika dole su bar masa saura. Ya tone yashi, ya sa sifana, ya murɗe makunni har ƙarshe, ya mayar da yashi, ya ƙara wa rediyo sabon batir.

Ran Alhamis famfunan saman layi suka fara tari. Gwaggo ta murɗa nata, ya yi atishawa sau biyu, ya tofa mata cokali guda, ya yi shiru. A ƙasan layi kuwa abin mamaki ake gani. Bishiyar lemon Tela ta yi sabon ganye. Kwaɗi suka fito da tsakar rani suna waƙa. Waɗanda suka rufe rijiyoyinsu suna jin ruwa na ƙwanƙwasa siminti ta ƙasa.

Ran Juma'a sai ga Injiniya da leburorinsa. Ya ce tanki na zubewa kamar an huda shi, injin da ke cika shi ya yi zafi har yana hayaƙi, lalle bututu ya fashe a wani wuri. Yana riƙe da wani dogon ƙarfe, ya kafa a ƙasa, ya kara kunne. Suka haƙa a saman layi, ba komai. Suka haƙa a tsakiya, suka fasa wa wani magudana. Suka haƙa gaban shagon mai wanki, motar kaya ta zo ta faɗa. Da la'asar suka iso ƙarshen gangare.

"Baba, don Allah rage rediyon nan. Ƙasa muke saurare."

"Ni ma labarin duniya nake saurare. Kowa da abin da ya dame shi."

"Wa ya zuba yashi a nan?"

"Na magini ne. In kun taɓa, ku da matata."

Leburorin sun riga sun san matar tun ranar alli. Suka dubi juna, suka ce gobe ma rana ce.

Asabar da sassafe Mai Rijiya ya fito ya kashe rediyo don ya canza batir. Sai ya ji tsit. Rurin ya tsaya. Tiyo ya yi laushi, yana ɗan gurnani kamar cikin mai yunwa. Ya lallaɓa ya leƙa rijiya.

Ga fuskarsa nan, da hula, da gemu, kusa da kusa. Ruwa ya cika har baki, ko da kofi ka miƙa hannu ka ɗiba.

Ya ja kujera ya zauna don kada ya faɗi. Ƙasar tsakar gidan ta jiƙu ta yi laushi, bulo ya nutse, ƙafafu uku suka bi shi a hankali, har gwiwoyinsa suka zo daidai haɓa. Bai damu ba. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a hakan.

A haka matar ta shigo ta same shi, magini na biye da buhun siminti a ka. Ta dubi mijinta a ƙasa. Ta dubi rijiya. Ta ajiye jaka.

"Baban yara, me ka yi?"

"Kula."

Ta zagaya rijiyar sau ɗaya, ta dangwala yatsa. Amma ba a banza ta shekara ashirin da biyu da shi ba.

"Ko ta cika ta tumbatsa, magana ɗaya ce. Wa ya zo?"

Ya dubi ƙofa, babu kowa.

"Magini, bismilla."

Magini ya kwaso yashi a kwanon gini, ya juye, ya farke buhu, ya gauraya, ya yi rami a tsakiya. Ya ɗauki bokitinsa ya nufi famfo. Ya murɗa. Famfo ya ce "fuuu". Ya sake murɗawa. Ya buga masa cebur. Ko ɗigo. Ya tsaya yana sosa kai. Ya dubi siminti, ya dubi rijiya. Ya matso.

"Maigida, a taimaka mini da bokiti biyu in kwaɓa."

Mai Rijiya ya kara hannu a kunne. "Ka ce me?"

"Ruwa. Bokiti biyu."

"Na ina?"

"Na rijiya mana."

"Bokitin nan naka ne?"

"Nawa ne."

"Da ƙafarka ka shigo?"

"Da ta wa zan shigo?"

"Ni na roƙo ka?"

"A'a, matar gidan ce ta kira ni."

Ya juya a hankali, shi da kujerar da ta nutse, ya dubi matarsa. "Ɗaya tak, kika ce."

Kafin ta sami abin faɗa, aka yi sallama a zaure. Gwaggo ce, da bokitinta, tana dafe da baya. Bayanta mai wanki. Bayansa mai lambu. Bayansu layin gaba ɗaya, da jarkoki da tukwane da bahon wanka, har Tela, don nasa ruwan ya zama ruwan rini. Famfo ya mutu tun daga tudu har gangare, rijiyoyi kuma an rufe da siminti.

Gwaggo ta gyara murya. "Ina kwana, Mai Rijiya."

"Lafiya."

"Ya iyali?"

"Lafiya."

"Ya rijiya?"

Ya lumshe ido kamar wanda aka sosa wa inda ke ƙaiƙayi. "Ta yi 'yar jinya, amma ta miƙe. Ɗebi biyu. Magini, kai ba ka gaishe ta ba, koma baya."

Ana cikin ɗiba sai ga Injiniya ya ratso layi, ido jajur, laka har gwiwa, hular kwano a karkace. Tun jiya yake haƙa titi.

"Baba, taimaka mini da kofi ɗaya. Maƙogwarona ya bushe."

"Au, ba ka murɗa ya zubo ba?"

"Baba, don Allah."

"A ba shi. Mu ba ma riƙo."

Aka miƙa masa. Ya kai baki, ya kurɓa, ya tsaya. Ya shinshina kofin. Ya sake kurɓa, ya juya ruwan a baki.

"Baba."

"Na'am."

"Rijiyar nan da ba ta taɓa ciwon kai ba."

"Ita ce."

"Yaushe ta fara shan magani?"

Injiniya ya dubi ƙasa. Kujerar da ta nutse ta ja tabarma gefe, ga wani baƙin abu mai kaurin cinya ya leƙo. Ya sa ƙafa ya yaye tabarmar. Ya yaye buhu. Ya bi tiyo taku-taku ta cikin zaure, jama'a na buɗa masa hanya, har tsibin yashi. Aka ji ƙarar murfin ƙarfe. Aka ji salati.

Ya dawo hular kwano a hannu, jijiyar wuya ta miƙe.

"Kai ne! Kwana huɗu! Tankin unguwa guda ka juye a rami! Inji ya ƙone! Mun fasa titi wuri uku! Gida tamanin yau ba ɗigon ruwa, ka san ko sai yaushe za a gyara?"

Mai Rijiya ya gyara zama a cikin laka, ya dubi layin bokitai har waje, ya tafa hannu.

"Jama'a, ku ji rashin godiya! Tankinku ya ƙafe, injinku ya ƙone. Da ban yi ajiya ba, yau me za su sha?"